Barista Musaddiƙ da Belin Malam Madu

A Kazaure wasu Barista suke ce masa, wasu Onorabul. Shi kuwa Musaddiƙ Daudu, da za a bar masa zaɓi, na farkon zai riƙe, don da guminsa ya same shi. Na biyun ba shi aka yi, daga baya aka karɓe kujerar aka bar masa sunan.

An haife shi a wata ruga da ke yamma da Gwiwa, gidan Fulanin da suka daɗe da zama wuri ɗaya har noma ya fara rinjayar kiwo a wurinsu. Boko rabo ne ya kai shi. Dagaci ya aiko cewa kowane gida a ba da yaro ɗaya, sai mahaifinsa Daudu ya duba cikin 'ya'yansa ya miƙa wanda ya fi kowa surutu, ya kuma fi kowa barin shanu su shiga gonar mutane.

Yana aji huɗu a sakandare aka yi shari'ar da ta sa masa son aikin lauya. Wani mai hali ya tura iyakar gonarsa cikin fadamar da Daudu ya gada, magana ta kai kotu. Musaddiƙ ya raka mahaifinsa, ya zauna a bencin baya yana kallon yadda mai gaskiya yake rasa gaskiyarsa don bai iya jera magana ba. Duk tambayar da lauyan wancan ɓangaren ya jefo, sai Daudu ya dubi ƙasa ya ce Allah ya sani. Fadama ta tafi. Tun ranar yaron ya san abin da zai karanta.

Ya yi jami'a a Kano, ya yi makarantar horas da lauyoyi, ya yi hidimar ƙasa a kudu, sannan ya shekara biyar a ƙarƙashin wani babban lauya a Kano yana ɗaukar masa jaka yana koyon aiki. Da ya ce zai koma Kazaure ya buɗe ofis, abokansa suka yi ta yi masa dariya, wai wa zai biya lauya a can. Bai saurare su ba. Ya kama ɗaki biyu a saman wani shagon kayan babur a bakin titin Daura, ya sa tebur da benci da durowar ƙarfe ta ajiye fayil. Dariyar abokan nasa ba ta rasa tushe ba, domin an sha sallamarsa da buhun gero ko ɗan akuya, wasu kuma da addu'a kawai. Amma kafin shekara goma sunansa ya kai Roni, ya kai 'Yankwashi, ya tsallaka har Babura. Rigimar gona, ta gado, ta burtalin shanu, da neman belin wanda aka tsare, duk wurinsa ake nufa. Ya auri Sa'adiyya, 'yar Roni, malama a makarantar 'yan mata, suka gina gida madaidaici a bayan gari. In ya tuna da waɗannan shekaru yanzu, yakan ce lokacin ne yake barci da zarar ya sa kai a matashi.

Siyasa ta ƙofar kotu ta shigo masa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi, wata jam'iyya ta ce an murɗe mata, ta ɗauke shi ya shigar mata da ƙara, ya kuma yi nasara. Ranar da aka yanke hukunci magoya baya suka ɗaga shi sama da rigar lauyarsa a jiki. Bayan mako biyu Alhaji Ahmad ya hau matattakalar ofishinsa yana haki. Alhaji Ahmad dillalin taki ne, dattijon jam'iyya, bai taɓa tsayawa takara ba, amma ba a taɓa tsayar da kowa a yankin ba da yawunsa ba. Ya ce dattawa sun zauna, sun ga shi ya kamata ya wakilci mazaɓarsu a majalisar dokokin jiha.

Musaddiƙ ya ce shi aikinsa ya ishe shi. Alhaji Ahmad ya gyara zama ya ce, "Barista, mutum nawa kake fitarwa daga ɗauri a shekara? Ashirin? Talatin? A majalisa doka ɗaya za ka rubuta ka fitar da dubu."

Wannan magana ta kwana a ransa, ta kuma wuni. Ba kwaɗayin mota ko gida ne ya fara jansa ba, ya yarda da gaske cewa daga sama gyara ya fi sauri. Sa'adiyya ta ce masa taura biyu ba ta taunuwa, ya duba mutanen da shari'unsu ke hannunsa. Ya ce ai ba rufe ofis zai yi ba, akwai Jalaluddeen, matashin lauyan da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Ana saura wata guda zaɓen fid da gwani, wata mata mai suna Mairam ta zo ofis daga Babura tare da wani tsoho. Mijinta Madu jikan Barebari ne da suka daɗe da zama a can, yana fataucin riɗi da dabbobi tsakanin nan da tsallaken iyaka. Ya sayi bijimai biyu a kara, kasuwar shanu, da rana tsaka, a gaban jama'a, ashe na sata ne, kuma a wajen satar an kashe makiyayin. Da aka bi sawu aka same su a turkensa, sai aka haɗa shi da mutum uku aka tuhume su da fashi da kisa. Laifi ne da majistare ba shi da hurumin saurara, don haka ya ce a tsare su sai an kai magana babbar kotu. Tsohon da ta zo da shi Ashiru ne, dillalin da ya haɗa cinikin. Ya ce shi ya ɗora hannun Madu a kan na mai sayarwa, kuma a shirye yake ya rantse a ko'ina.

Musaddiƙ ya ga aiki ne mai sauƙi. A rubuta bayanin Ashiru, a kai shi ya rantse a kai, a shigar da buƙatar beli a babbar kotu, shi ke nan. Ya je gidan yarin da aka ajiye Madu ya gan shi: dogo, baƙi, mai yawan murmushi, yana ta ba shi haƙuri don ya sa shi tafiya. Musaddiƙ ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam Madu, kwantar da hankalinka. In Allah ya yarda a gidanka za ka yanka ragon layya."

Ya sa wa Ashiru ranar Litinin. Tsoho ya biyo motar haya ta Kanya Babba, ya iso da hantsi. Amma tun asuba Alhaji Ahmad ya kira cewa wakilan da za su jefa ƙuri'ar fid da gwani sun taru a Gwiwa, kuma ɗayan ɗan takarar ya riga ya gaisa da su. Musaddiƙ ya ce wa Jalaluddeen a ba tsoho ruwa, yanzu zai dawo. Ashiru ya zauna a benci har la'asar, ya tashi ya koma. Aka sake sa wata Litinin, ita ma ta zo daidai da ranar tantance 'yan takara a Dutse. Tsoho ya sake zuwa, ya sake komawa. Bai yi fushi ba, ya ce a aiko masa duk ranar da Barista ya sami sarari.

Sarari bai samu ba. Ya ci fid da gwani da ratar ƙuri'a bakwai, daga nan kamfe ya haɗiye shi. Ya shiga ƙauyukan da bai taɓa sanin da su ba, ya yi magana da Hausa a kasuwa, da Fillanci a ruga, muryarsa ta dishe ta dawo ta sake dishewa. Fayil ɗin Madu ya miƙa wa Jalaluddeen cikin wasu guda arba'in, ya ce a fara da wannan. Da ya ci zaɓe aka rantsar da shi, doka ta hana shi saka rigar lauya ya tsaya wa kowa a kotu, sai ofis ya koma hannun Jalaluddeen gaba ɗaya. Sau ɗaya ya tambaye shi ta waya ina aka kwana a kan maganar mutumin Babura. Jalaluddeen ya ce an shigar. Musaddiƙ ya ce madalla, ya kashe waya don kakakin majalisa yana jiransa. Bai tambayi ko an saurara ba. Bayan wata uku Jalaluddeen ya sami aiki a Abuja, ya raba shari'un da ke da tsoka ga wasu lauyoyi, ya kulle ofis, ya aika da makulli gidan Onorabul. Ranar da aka kira buƙatar belin ba wanda ya tsaya mata, kotu ta kore ta.

Mairam ta zo gidansa sau uku, daga baya ya sani. Amma gidan ya riga ya zama kasuwa. Tun bayan sallar asuba ƙofa take cika da masu neman aiki, masu takardar asibiti, masu suna, masu biki, da 'yan jam'iyyar da suka ce su suka kawo akwatin unguwarsu. Yaran da ke tsaron ƙofa suka ɗauke ta mai neman taimako, suka ce ta rubuta suna ta dawo. A zuwa na uku ta hango shi yana shiga mota, ta ɗaga murya ta ce matar Madu ce. Ya tuna ya sauke gilashi ya ce, "Ki ga Barista Jalaluddeen, yana kan maganar," mota ta ja. A lokacin Jalaluddeen ya kai wata biyar da barin Kazaure, shi ma ya sani, bakinsa ne kawai ya saba da amsar.

Ba za a ce bai yi aiki a majalisa ba. Ya sa an haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka tara, an gina ajujuwa, an gyara wata gada da ke raba mutane da asibiti duk damina. Ya rubuta ƙudurin doka a kan shata burtali da wuraren shayar da dabbobi, ya ɓata wata huɗu a kansa, aka yi masa karatu na biyu, aka tura shi kwamiti, can ya kwanta. Da ya matsa, Alhaji Ahmad ya kira shi ya ce akwai manyan jam'iyya da gonakinsu ke kan waɗannan hanyoyi, in yana son zango na biyu ya sassauta. Ya sassauta. A hankali ya koyi abin da majalisa ke koya wa mutum: lokacin da ake miƙewa, lokacin da ake duban takarda a yi kamar ba a ji ba. Ya yi ƙiba, ciwon suga ya kama shi, ya sayi gida a Dutse, zuwa Kazaure ya koma sai ƙarshen mako. Sa'adiyya ta ƙi barin makarantarta ta bi shi. Ya sami zango na biyu ba da wahala ba, kuma da yake shi lauya ne aka ba shi shugabancin kwamitin harkokin shari'a.

Da wannan kwamiti ne, a shekara ta biyu ta zangon, suka fita zagayen gidajen yari don duba cunkoso. A ɗaya daga cikinsu aka fito da masu jiran shari'a aka zaunar da su sahu-sahu a fili. Musaddiƙ yana cikin babbar riga, ana riƙe masa laima. Ya ce duk wanda ya haura shekara biyar ba a yanke masa hukunci ba ya miƙe. Mutum shida suka miƙe. Na huɗunsu dogo ne, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, gemunsa fari fat, yana ƙanƙance ido kamar mai duban abu daga nesa. Da ya ji muryar mai magana sai ya yi murmushi.

"Barista," in ji shi, "ka iso."

Musaddiƙ ya matsa kusa ya ce, "Malam Madu, kai ne?"

"Ni ne. Ai na faɗa musu. Na ce shari'ar ce ta yi nauyi, in ba haka ba lauyana ba ya barin mutum. Da na ji ka shiga majalisa na ce to, daga sama zai ɓullo wa abin."

Wani gandiroba da ke gefe ya ce gaskiya ne, ranka ya daɗe, duk sabon da aka kawo ɗakinsu sai ya ba shi labarin lauyansa na Kazaure. 'Yan kwamiti suka yi dariyar jin daɗi. Musaddiƙ ya juya ya ce wa magatakardan kwamiti ya rubuta sunan. A lokacin Madu ya shekara shida da wata biyu a tsare.

Daga can bai koma Dutse ba, Kazaure ya ce direba ya nufa. Aka nemi makullin ofis aka rasa, ya sa aka ɓalle kwaɗo. Gara ta ci ƙafar tebur, ta shiga durowa. Fayil ɗin yana nan, gefensa a cinye, a ciki ga bayanin Ashiru da shi da kansa ya tsara, wurin sa hannu fari. Ya aika Babura a nemo tsohon, aka ce ai ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya tambayi Mairam, aka ce ita ma bara hawan jini ya kayar da ita, ta yi wata biyu a kwance ta cika. An gaya wa Madu ta bakin gandiroba.

Ya nemi wani tsohon abokin aikinsa ya tsaya a shari'ar, shi kuma ya bi takardu ofis-ofis da ƙafarsa. Sai ga shi tun shekarar farko biyu daga cikin waɗanda aka kama sun faɗa a bayaninsu cewa ba su san Madu ba sai a kara, ranar ciniki. Magana tana rubuce, mai ɗaga ta ne babu. Aka kai gaban alƙali, ya karanta, ya sallami Madu. Daga ranar ziyarar kwamiti zuwa ranar fitarsa kwana goma sha tara ne. Wannan saurin shi ya fi komai ci masa rai. Da an sha wuya, da ya sami abin da zai gaya wa zuciyarsa.

Ranar sallamar ya je da kansa ya ɗauko shi. Bai san mai taimaka masa kan yaɗa labarai ya gayyato ɗan jarida ba sai da ya ga na'ura a gabansa. Ya so ya ce a bari, amma ya ga idon mutane, sai ya faɗi 'yan kalmomi a kan muhimmancin adalci. Washegari rediyo ta ɗauka: ɗan majalisa ya ceto wani bawan Allah da ya shekara shida a tsare ba da laifinsa ba. Hotonsu ya zagaya wayoyi, shi da babbar riga, Madu da leda a hannu. Wata ƙungiyar matasa ta ba shi lambar yabo. Kullum yana cewa gobe zai sa a gyara labarin, kullum sai ya ga ba ranar ba ce. Da ya taɓo maganar a gaban Alhaji Ahmad, sai ya ce masa wanda Allah ya rufa wa asiri ba ya tona kansa.

Gidan Madu na Babura an sayar tun ana jinyar Mairam, don haka ya sauka wurin 'yarsa Ummi Kulsum da ke aure a Kanya Babba. Ita ce ta sami gurbin karatun jinya a shekarar da aka kama shi, ta bari ta koma ɗinki don ta riƙe uwarta. Bayan wata guda Musaddiƙ ya tafi can shi kaɗai, ba direba, ba rakiya. Ummi Kulsum ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida manya, ta kawo ruwa. Kafin ta kira mahaifinta ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, mun ji a rediyo," ta ce. "Ni na raka Iya gidanka duk zuwan da ta yi. Ba ta taɓa gaya wa Baba ba. In ta je ganinsa sai ta ce kana gaishe shi, kana kan aiki. Ni ma ban gaya masa ba."

Ta shiga ciki. Can Madu ya fito yana lalube da sanda, don idonsa ya yi rauni ƙwarai. Ya yi ta godiya, ya yi ta sa albarka, har ya ce a kamo kaza. Musaddiƙ ya zo da niyyar ba shi jari ya koma kasuwa, amma ya ga ba zai iya fara wannan ba sai ya sauke nauyin da ke ransa. Ya ce, "Malam Madu, shari'arka ba ta yi nauyi ba. Ashiru ya zo sau biyu, ni ne ban zauna ba. An kira belinka a kotu, ba wanda ya je. Mairam ta zo ƙofata, na sallame ta daga cikin mota. Ni na bar ka a can."

Daga cikin gida ana jin ƙarar keken ɗinki. Madu ya juya sandarsa a hannu, ya sake juyawa.

"Da ka bar ni da abin da na sani, Barista," ya ce. "Shi na riƙe na shekara shida."

Musaddiƙ ya roƙe shi ya yafe masa don Allah. Madu ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ya faɗe ta a hankali, fuskarsa tana duban ƙofa, kuma har yau Musaddiƙ bai san ko yafiya ce ko sallama ba. Maganar jari da ya kawo, Madu ya ce ido babu, kasuwa ta wuce shi. Ya yarda dai aka kai shi asibitin ido a Kano, aka yi wa ɗaya aiki ya ɗan buɗe. Bayan haka in Musaddiƙ ya aika da hatsi ana karɓa a ce an gode, in ya je da kansa a gaisa a yi maganar damina. Madu bai ƙara ce masa lauyana ba.

Da zango na biyu ya zo ƙarshe, Musaddiƙ ya nemi na uku. Ya ce wa kansa yana so ya tayar da dokar burtali, ya kuma kawo wata a kan masu jiran shari'a. Alhaji Ahmad ya ce dattawa sun zauna, sun ga a ba wani ɓangaren mazaɓa dama. Wanda aka tsayar ɗan kasuwa ne da bai kai arba'in ba. Cikin mako guda ƙofar gidansa ta yi fayau, har Sa'adiyya ta ce yau ta ji kukan tsuntsu a gidan nan. Ya sayar da gidan Dutse, ya sa aka yi wa tsohon ofis feshin gara da fenti, ya sake ɗinka rigar lauya don tsohuwar ta matse shi.

Yana wata takwas da dawowa aka bugo masa cewa Madu ya rasu. Bai sami jana'iza ba, sai ya je zaman makoki rana ta uku. Ana ganinsa aka buɗa masa wuri kusa da liman. Bayan addu'a liman ya juyo ya ce wa jama'a ga mutumin da Allah ya yi amfani da shi marigayi ya mutu a cikin iyalinsa, a sa masa albarka. Zauren a cike yake, kuma Musaddiƙ ya san mata suna ji daga bayan katanga. Ya gyara murya ya ce, "Malam, ba haka ba ne. Ni ne lauyansa tun farko. Sakacina ne ya sa ya daɗe a can."

Sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce Allah sarki, ku ji tawali'u. Liman ya ce haka mutanen kirki suke, ba sa ganin alherinsu. Aka shafa fatiha, aka miƙo masa dabino. Ya zauna ɗan lokaci, ya yi sallama ya fito. Ummi Kulsum ta aiko a ce masa ta gode da zuwa.

Yanzu shekararsa hamsin da biyar. Yana hawa matattakalar ofis a hankali saboda gwiwa, yana shan shayi ba suga. Shari'u sun dawo, ko da yake ba kamar da ba, don lauyoyi sun yi yawa a gari kuma wasu na ganin tsohon ɗan majalisa zai yi tsada. Kwanan baya wasu matasa suka zo da hotonsa da suka riga suka tsara a waya, suka ce zaɓe ya matso, jama'a na kewarsa. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallon hoton fiye da yadda ya kamata, ya ce su ba shi lokaci ya yi shawara. Da ya koma gida Sa'adiyya ta tambaye shi me ya ce musu, domin labari ya riga shi isowa. Ya ce ya ce musu a'a. Ta dube shi, ta ci gaba da duba takardun ɗalibanta.

Da safe, kafin ya karya, ya kira shugaban matasan ya gaya masa a'ar da gaske. Yaron ya yi ta roƙo, shi kuma ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana so a ci gaba da roƙon. Ya kashe wayar, ya ɗauki jaka ya kama hanyar Roni, inda wasu 'yan'uwa biyu ke jiransa a kotu a kan iyakar gonar da ubansu ya bar musu.